Sabulun man angurya, ruwan rijiya da asid ɗin lemun tsami: amsa ga wani ɗalibi

"Malam, barka da aiki. Ni ɗalibin ilimin sinadarai ne a Ngaundere, gidanmu kuma a Marwa yake. Mahaifiyata tana dafa sabulu da man angurya tana sayarwa, amma masu saye suna kukan cewa ba ya kumfa a ruwan rijiyar unguwarmu, kuma yana barin wani farin datti a jikin bokiti. Ina so in yi aikin kammala karatuna a kan haɗa sabon sinadarin wanki daga asid ɗin lemun tsami ko na nono. Shin hakan zai yiwu da ɗan kayan aikin da muke da shi, ta yaya kuma zan gane cewa abin da na haɗa ya fi sabulunta?"

Ɗana, Allah ya yi wa karatunka albarka, ya kuma ƙara wa sana'ar mahaifiyarka kasuwa. Idan na fahimce ka da kyau, abubuwa uku ka ɗaure a ƙulli guda: dalilin da ya sa ruwan rijiya yake cin sabulu, hanyar da ake bi a haɗa sinadarin wanki daga asid irin na tsirrai da na nono, sai kuma yadda mutum zai tabbatar da abin da ya haɗa. Zai yiwu, na kuma ga ɗalibai sun yi shi da kayan da ba su fi naku ba. Sai dai tun daga farko ina so ka san cewa dafawar ita ce ɓangare mai sauƙi, domin a yini guda za ka iya samun wani abu mai kauri a gindin kwalba. Sanin ko mene ne wannan abin, da gwada shi a ruwan da za a yi wanki da shi, nan ne watanninka za su tafi, nan ne kuma aikin ɗalibi yake tsayawa ko ya rushe.

Kai da jela

Abin da littattafanku na Faransanci suke kira tansiyo'aktif, na Ingilishi kuma safaktan, ƙwayar sinadari ce mai hali biyu. Tana da kai mai son ruwa, tana da doguwar jela ta kabon mai gudun ruwa da son mai. Da wannan hali take shiga tsakanin mai da ruwa ta sasanta su, ta kama maiƙon da ke wuyan riga da jelarta, ruwan ɗauraya kuma ya ja ta da kai. Sabulun mahaifiyarka shi ne kakan wannan dangi, kuma shi ma daga asid aka yi shi, domin kowane mai da muke ci asid ɗin mai ne guda uku a ɗaure da gilisarin. Soda tana yanke ɗaurin ta mayar da asid ɗin gishiri, gishirin nan shi ne sabulu. Wani masani Bafaranshe, Michel Eugène Chevreul, shi ya warware wannan bayani a rubuce tun 1823, alhali iyayenmu mata sun daɗe suna yin aikin da ruwan toka.

Laifin sabulu a rijiyarku yana kansa ne. Kan sabulu guda ɗaya ne tak mai cajin lantarki, ruwan da ya ratso duwatsu da ƙasa kuwa yakan ɗauko kalsiyam da magniziyam, kowannensu mai caji biyu. Kalsiyam ɗaya yana kama kan sabulu biyu, su dunƙule su zama abin da ba ya narkewa, wato farin dattin da kake gani a bokiti. Kumfa ba zai tashi ba sai sabulun ya gama ƙosar da duk kalsiyam ɗin da ke cikin ruwan, shi ya sa mai wanki take ganin sabulu yana ƙarewa ba ta ga aikinsa ba.

Akwai laifi na biyu a jela. Man angurya irin wanda ake tacewa a masana'antar Sodecoton a Garwa da Marwa, kusan rabinsa asid linoleyik ne mai kabon 18, kimanin kashi ɗaya bisa huɗu kuma palmitik mai kabon 16. Jela mai wannan tsawo tana wanki sosai, amma ba ta tashin kumfa da wuri. Kumfa mai sauri daga asid lorik yake fitowa, mai kabon 12, wanda ya kai kusan rabin man alayyadi da man kwakwa, man angurya kuwa ba shi da shi. Saboda haka kada ka ɗora wa rijiya dukkan laifin kafin ka gwada sabulun a ruwan sama, ka ga nawa ne daga ruwa, nawa ne daga mai.

Hanyoyin haɗawa

Hikimar da ke bayan tunaninka daidai take. Ana riƙe jelar mai, a sake mata kai da wani ƙaramin asid mai son ruwa sosai. Asid sitrik na lemun tsami yana da hannuwan asid uku, tartarik da ke cikin tsamiya yana da biyu, laktik na kindirmo yana da ɗaya tare da hannun alkol guda. Idan ka ɗaure hannu ɗaya na sitrik da jela, biyu sun rage suna fuskantar ruwa, kan ya yi girma, ya fi na sabulu son ruwa, yana kuma aiki a ruwan da bai kai kaifin soda ba.

Ya kamata ka san cewa masana'antun duniya sun riga ka zuwa wannan fili, don kada ka rubuta a takardarka cewa kai ka fara. Idan ka duba bayan ledar burodin kanti ko gwangwanin bota za ka iya cin karo da E472c, wato estar sitrik da monogiliserid (esta ita ce abin da ake samu idan asid ya ɗaure da alkol, monogiliserid kuwa gilisarin ne mai ɗaure da asid ɗin mai guda ɗaya), ko E472e ta tartarik, ko E481 wadda ake yi daga asid siteyarik da laktik. Haka nan gulutamat, wanda gishirinsa ne farin magi na miya, ana ɗaure shi da jelar man kwakwa a yi sinadarin wanke fuska mai laushi ga fata. Sabon abin da ke hannunka yana cikin man da ruwan: man kaɗanya mai yawan siteyarik da oleyik, man aduwa, man darbejiya, man riɗi, da tukar sabulun da take fita lokacin da ake tace ɗanyen man angurya da soda, wadda idan aka zuba mata asid take sakin asid ɗin mai a farashi mai sauƙi. A ganina wannan tuka ta fi duk sauran cancanta da bincike a yankinmu, ko da yake gosifol ɗin da ke cikinta, wani sinadari mai launi na angurya, yana sa ta baƙi, sai an sha wahalar tsarkake ta.

Hanyar gulutamat zan ce ka ajiye ta. Ana bin ta ne ta hanyar da Schotten da Baumann suka shimfiɗa a shekarun 1880, wadda take buƙatar a fara mayar da asid ɗin mai kuloraid, sinadaran wannan mataki kuwa suna fitar da hayaƙi mai ƙona huhu, ba a taɓa su sai a ƙarƙashin murhun zuƙe hayaƙi mai aiki. Hanyar laktik tukunya ɗaya ce: asid ɗin mai, asid laktik da ɗan soda, a dafa da zafi mai yawa ana cire ruwa. Idan da siteyarik na kaɗanya ka yi, za ka sami abin da ya dace da man shafawa da burodi fiye da wanki, idan kuma da lorik ne, za ka sami mai kumfa.

Hanyar sitrik ita na fi sani da hannuna, ita kuma ta fi koya wa ɗalibi darasi. Ana haɗa sitrik da alkol mai doguwar jela, kamar na loril mai kabon 12, ko da monogiliserid. Alkol ɗin sai an sayo daga waje, monogiliserid kuwa kana iya yin sa da kanka ta dafa mai da gilisarin a zafin digiri 220 zuwa 250 da ɗan alkali, amma abin da zai fito gauraye ne, kusan rabinsa kawai ne wanda kake nema. Duk lokacin da hannun asid ya ɗaure da hannun alkol, ƙwayar ruwa ɗaya take fita, kuma idan ruwan ya zauna a tukunya yana iya kwance ɗaurin da aka yi. Don haka dole a riƙa cire shi, ko da famfon zuƙe iska, ko da tarkon Dean da Stark, inda za ka ga ruwan yana taruwa a gwiwar gilashi kana karanta yawansa. Mol ɗaya (ma'aunin yawan ƙwayoyin sinadari) na esta yana ba da mililita 18 na ruwa, wannan lissafi shi ne idonka na farko a cikin tukunyar.

Matsala ta farko ita ce sitrik ba ya narkewa cikin mai, yakan kwanta a ƙasa kamar sukari a gindin kofin shayi. Yana narkewa da zafi a digiri 153, amma da an wuce wajen 175 sai ya fara lalacewa. Karon farko da na gwada, na ƙosa da ganin farin gari yana zaune a gindin kwalba, na ƙara wuta, sai aka ɗauke lantarki, madamin ya tsaya alhali man da ke dumama kwalbar yana nan da zafinsa. Cikin ɗan lokaci farin garin ya koma ja, ya koma baƙi-baƙi kamar alewar da ta kama tukunya, ɗakin ya cika da ƙauri, na kwana biyu ina kankare gilashin. Tun daga ranar ba na wuce digiri 140, ina niƙa sitrik ɗin ya yi laushi, ina zuba shi kaɗan-kaɗan, ba na kuma ɗora wannan aiki sai na tanadi yadda zan ci gaba da damawa idan wuta ta tafi.

Matsala ta biyu ta fi wannan ɓoyuwa. Hannuwan sitrik uku duk suna iya ɗaurewa, saboda haka tukunyarka za ta ƙunshi mai jela ɗaya, da mai biyu, da mai uku, da sitrik da alkol ɗin da ba su haɗu ba. Mai jela ɗaya kake nema. Mai jela uku ba shi da sauran kai, mai ne kawai, yana ma kashe kumfa. Zuba sitrik fiye da kima yana karkatar da sakamakon zuwa mai jela ɗaya, rarar kuma ana wanke ta da ruwan gishiri daga baya.

Sanin abin da ka haɗa

Awon da ba ka da uzurin barinsa shi ne adadin asid, wato miligiram nawa na fotash ake buƙata don kashe tsamin giram ɗaya na kayanka. Buret (bututun gilashi mai awo da ake ɗiga ruwa da shi), fenolftalin (sinadarin da yake sauya launi idan tsami ya mutu) da ma'auni mai kyau sun isa. Ga lissafin da za ka iya sake yi da alƙalaminka: idan ka haɗa mol ɗaya na sitrik mai nauyin giram 192 da mol ɗaya na alkol loril mai giram 186, adadin asid na garwayen zai fara daga wajen 445. Tsantsar mai jela ɗaya yana da 312, mai jela biyu 106, mai uku kuwa sifili. Ka riƙa ɗibar ɗan kaɗan kowace awa kana aunawa, za ka ga lambar tana sauka har ta tsaya.

A nan ɗalibai da yawa suke yaudarar kansu. Mutum ya ga 312 sai ya rubuta cewa ya sami tsantsar abinsa, alhali garwayen sitrik da bai haɗu ba da mai jela biyu yana iya ba da wannan lamba daidai. Dole ka ƙara da farantin kuromatogirafi na siliki, inda kowane ɗan gida zai rabu ya tsaya a matsayinsa, ka ƙirga tabo nawa ka gani. Idan sashenku yana da na'urar infurared, ka nemi alamar esta a wajen lamba 1740 a ma'auninta, ta asid tana wajen 1710, gishirinsa kuma yana sauka ƙasa da 1600. Waɗannan duka suna gaya maka cewa an yi esta, ba sa gaya maka a wane hannu jelar ta ɗaure. Wannan sai na'urar RMN, mai nuna yadda sassan ƙwayar sinadari suke a jere, kuma idan ba ka sami aika samfurinka inda take ba, ka rubuta a takardarka cewa garwayen esta ka samu, kada ka zana siffa guda ka ce ita ce.

Gwaji a ruwa

Fuskar ruwa tana da tsauri, shi ya sa allura take iya kwanciya a kanta idan aka aza ta a hankali. A digiri 25 wannan tsauri yana wajen 72 a ma'aunin miliniyutan bisa mita, safaktan mai kyau kuwa yana saukar da shi zuwa 30 ko 40. Idan babu na'urar zoben du Noüy, ƙirgen ɗigo yana ba da kimantawa mai amfani. Ka sa mililita ɗaya na tsantsar ruwa ya ɗiga a hankali ta bakin buret ka ƙirga, sannan ka maimaita da ruwan da ka narkar da kayanka. Idan tsantsar ruwa ya ba da ɗigo 20 naka ya ba da 40, tsaurin ya ragu da kusan rabi. Ka bar kowane ɗigo ya nuna ya faɗi da kansa, ka wanke gilashin har ruwa ya daina tsayawa ɗigo-ɗigo a jikinsa, ka kuma rubuta zafin ɗakin kowane lokaci, domin awon da aka yi da azahar a Garwa cikin Afrilu, zafi ya haura digiri 40, ba za a jera shi da na safiyar hunturu a Ngaundere ba.

Idan kana ƙara yawan kayan a ruwa, akwai inda tsaurin yake daina sauka, saboda fuskar ruwan ta cika, sauran ƙwayoyin sun fara dunƙulewa, jela a ciki kai a waje. Waɗannan dunƙule-dunƙule su ake kira misel, su ne kuma suke haɗiye maiƙo. Yawan da suke fara bayyana a kansa shi ne lambar da kowane mai duba aikinka zai fara nema, ana kuma samun ta da na'urar auna gudun lantarki a ruwa, inda layin zanen yake karyewa ya sake kwana. Kafin ka auna naka, ka auna SDS, sanannen safaktan na ɗakin gwaji wanda kowa ya san lambarsa, wajen milimol 8 a lita, kimanin giram 2.4. Idan hannunka da na'urarka ba su fitar da wannan ba, ba za su faɗa maka gaskiya a kan sabon abu ba. Ka kuma lura da wata alama: idan zanen tsaurin ya nutse ƙasa sannan ya ɗan tashi, akwai sauran alkol a kayanka. Ɗan alkol loril kaɗan yana ƙara kumfa, yana saukar da tsauri, ya sa ƙazantaccen samfuri ya fi tsarkakakke kyan lamba. Na taɓa ganin ɗaliba tana murna da kumfar da ta cika silinda, da muka sake wanke kayan da hekzan, mai narkar da maiƙo, rabin kumfar ya tafi, sai ta gane cewa tsohon sakamakon na alkol ne.

Kumfa dai ana auna ta, tun da masu saye da ita suke hukunci, kuma hanyar Ross da Miles ta 1941 tana nan, ko ka girgiza silinda mai murfi sau adadi guda ka auna tsawon kumfar nan take da bayan minti biyar. Amma kumfa daban, wanki daban. Ka yanka farin yadin auduga gida-gida daidai wa daida, ka ɓata su da garwaye guda na man gyaɗa da baƙin tukunya da jar ƙasa, ka wanke da yawan ruwa guda, lokaci guda, murza guda, sannan ka jera su a ɗauki hoto a haske guda, ko ka auna nauyin man da ya rage. A kowane gwaji a sami huɗu a jere: ruwa zalla, sabulun mahaifiyarka, SDS, da naka, kowanne sau uku.

Gwajin da ya shafi tambayarka kai tsaye shi ne na kalsiyam. Ka auna ruwan rijiyar da EDTA, sinadarin da yake kama kalsiyam, tare da ɗan sinadarin nuna launi, launin yana juyawa daga ja zuwa shuɗi, ka rubuta shi da digirin Faransa, inda digiri ɗaya yake daidai da miligiram 10 na kalsiyam kabonet a lita. Sannan ka haɗa naka ruwan: giram 0.333 na busasshen kalsiyam kuloraid a lita yana ba da digiri 30, ka tsarma shi zuwa 10 da 20, ka ga inda kowane samfuri yake fara gurɓacewa. Kada ka yi mamaki idan naka ma ya gurɓace a ƙarshe, domin kansa dangin na sabulu ne, kalsiyam yana iya kama shi. Abin da kake nema shi ne ya jure fiye da sabulu, da kuma ko zuba kaɗan daga cikinsa zai hana dattin sabulu dunƙulewa. Ka sa kwalba guda a ruwan sanyi ma, saboda mai doguwar jela irin ta kaɗanya yakan narke tas da bazara ya daskare fari da hunturu.

Inda wannan hanya take tsayawa

Sodar da take yanke mai ta yi sabulu, ita ce take yanke estar da ka sha wahalar ɗaurawa. Idan ka zuba kayanka cikin ɗanyen sabulun mahaifiyarka, za su warware su koma sitrat da alkol. Gidansu ruwan wanki ne mai pH (ma'aunin tsami) tsakanin 5.5 da 7, ko man shafawa, kuma ko a can sai ka ajiye kwalabe a zafin digiri 45 na makonni kana duba ko pH yana sauka, tun da shagon da ke ƙarƙashin rufin kwano a Marwa yana kaiwa kusa da haka. Wannan rauni yana da amfaninsa a kogi, domin ƙwayoyin halitta suna saurin cinye esta. A shekarun 1950 da farkon 1960 kumfar garin wanki mai jela mai rassa ta riƙa taruwa a kogunan Turai da Amurka, har aka sauya shi da mai miƙaƙƙiyar jela. Yanzu ma'aunin OECD 301, wato gwajin da ake duba yadda ƙwayoyin halitta suke cinye sinadari, yana neman su ci kashi 60 cikin ɗari a kwana 28, kuma idan ba ka yi wannan gwaji ba, kada ka rubuta cewa kayanka ba sa cutar da Binuwai don kawai daga lemun tsami suka fito. Haka nan duk gwajin da na lissafa ba ya nuna cewa abin ya dace da fatar mutum ko cikinsa, don haka kada ka ba ƙannenka su yi wanka da shi.

Sabulun mahaifiyarka kuwa ba sai ya jira takardarka ba. Ta maye kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na man angurya da man alayyadi, kai kuma ka sake mata lissafin soda, domin alayyadi ya fi angurya cin soda da kusan kashi ɗaya bisa huɗu. Ta narkar da sitrik kimanin giram 10 zuwa 20 a kowane kilo na mai cikin ruwan kafin ta zuba soda, zai zama sitrat mai riƙe kalsiyam, amma kowane giram 10 na sitrik yana cinye giram 6 da ɗan ɗori na soda, sai an ƙara masa wannan. Sodar ake zubawa cikin ruwa a hankali, da tabarau a ido, a robar da ke jure zafi ko tukunyar bakin ƙarfe marar tsatsa, ban da ta dalma ko alminiyam, wadda soda take ci. Masu wanki kuma su jefa ɗan kanwa irin ta yankin Tafkin Chadi a bokiti su bari ya kwanta kafin su sa sabulu. Idan ka je gida hutu, ka ɗebo min ruwan rijiyar a kwalba mai tsabta, ɗaya a ƙarshen rani ɗaya bayan damina ta zauna, ka rubuta ranar a jikin kowacce, ka haɗo da sabulun guda biyu daga tukunya ɗaya, mu fara da auna su.